Rigunan Tabita: Yadda Ake Haɗa Tarihin Marigayi a Ikilisiya

Idan ƙaunataccen ɗan ikilisiya ya rasu a Madakiya, ba a jira a gaya wa kowa aikinsa. Kafin labari ya gama zaga gari matan zumunta sun iso gidan makoki da itace da tukwane, samari sun fara shawarar inda za a haƙa kabari, an tura wani Kafanchan ya ji batun ɗakin ajiye gawa da akwati, wani kuma ya tafi neman rumfa da kujeru da janareto. Tsari ne mai kyau da Bajju da maƙwabtansu suka gada, ikilisiya kuma ta ƙara masa ƙarfi. Aiki ɗaya ake yawan bari sai daren ƙarshe, wato rubuta tarihin marigayi da za a karanta gaban jama'a, a kuma buga a ɗan littafin jana'iza. Sau da yawa ɗan da ke aiki a Kaduna ko Abuja ake ɗora wa, shi kuma ya rubuta a waya yana cikin mota, zuciyarsa a dagule. Abin da ke fitowa shafi guda ne: an haife shi shekara kaza, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya kaza, ya yi wa Ubangiji hidima da aminci, ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Da za a cire sunan a sa na wani, ba wanda zai gane. A ganina wannan aikin da ake rainawa ya fi duk ayyukan biso daɗewa, domin abinci ran nan yake ƙarewa, rumfa washegari ake naɗe ta, takardar kuwa ita jikoki za su tarar. Ya cancanci a ware masa mutum da lokaci da hanyar yi, kamar yadda ake ware wa haƙar kabari.

Hanyar yin tana cikin Littafi Mai Tsarki tun tuni. A sura ta 9 ta Ayyukan Manzanni akwai labarin Tabita, wadda ake kira Dokas, almajira a garin Yafa. Da ta rasu aka aika Lidda a kirawo Bitrus. Da ya hau benen da aka kwantar da ita, matan da mazansu suka mutu suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tana da rai. Matan nan abin da hannu zai taɓa suka kawo, shi ya sa yau, bayan kusan shekara dubu biyu, mun san garinta da sana'arta da irin mutanen da ta rufa wa asiri. Aikin mai haɗa tarihin marigayi ke nan: ya bi gida gida ya nemo rigunan, wato ayyukan da aka gani da ido, da wanda aka yi wa, da lokacin da aka yi.

Tarihin ikilisiyoyin ƙasarmu ya nuna abin da rubutu ke tsarewa da abin da rashinsa ke cinyewa. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893. Gowans ya rasu a Girku a 1894, Kent ya rasu a Bida a shekarar, aikin da suka fara kuma ya zama SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954. Mun san wannan dalla-dalla saboda an ajiye wasiƙu da rahotanni. Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin babban sakataren ECWA kafin ya rasu a bakin teku kusa da Mombasa ranar 19 ga Disamba 1975 yana da shekara 39, har gobe ana karanta shi ana muhawara a kansa, domin ya bar rubutu, an kuma rubuta tarihinsa. Amma mutanen da suka taka da ƙafa ƙauye ƙauye da bishara, suka koya wa yara karatun Hausa a gindin bishiya, suka yi wa majami'ar farko jinka, da yawansu sunansu a bakin tsofaffi kaɗai ya rage, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan giɓin ne ya sa aka kafa kundin tarihin Kiristocin Afirka da ake kira DACB a 1995. Kowace jana'iza dama ce ta ƙarshe da waɗanda suka san mutum za su taru wuri guda, kuma idan suka watse ba a rubuta komai ba, da wuya su sake haɗuwa.

Matakin farko shi ne a naɗa mai aikin tun ranar da aka yi rasuwa, a zaman da ake raba ayyuka. Kada a ɗora wa matar marigayi ko babban ɗansa, domin su masu karɓar gaisuwa ne, hankalinsu ba ya tare da su. Mutum biyu sun fi: dattijo ko dattijuwa mai jin harshen Jju sosai, wadda tsofaffi ba za su ji nauyin buɗe mata ciki ba, da matashi mai saurin rubutu, kamar malamin makaranta ko sakataren matasa. Kayan aikinsu littafin rubutu mai kauri, biro biyu, da waya mai caji don naɗar murya. Su sami amincewar mai gida da ta fasto ko Fada, a kuma sanar a gidan makoki cewa su wane za su zagaya, don kada a ɗauke su masu bin diddigi.

Da takardu ake farawa, kafin a je ga mutane. A nemi izini a buɗe akwatin marigayi, a fara da Littafi Mai Tsarkinsa. Na tsofaffi yawanci bangonsa ya saki an ɗaure shi da roba ko an ɗinke da zare, a shafin farko kuma sai ka tarar da rubutun biro mai karkata: ranar baftisma, ranar aure, sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana waɗanda 'yan baya ba su ma taɓa jin sunansu ba. A tsakanin shafuka akwai katin baiko, tsohon hoto, takardar taron zumunta, da ayoyin da aka ja wa layi har takarda ta kusa hujewa. Ayoyin nan a lura da su, domin fasto zai fi samun abin wa'azi a cikinsu fiye da abin da zai zaɓa da ka. Daga nan sai katin baftisma, takardar aure, takardar sallama daga soja ko reluwe ko aikin koyarwa, da takardun fansho. A gwada su da rajistar ikilisiya. Majami'un Katolika suna ajiye rajistar baftisma da aure da biso a ofishin Fada, na ECWA da Baftis da Angilika kuma suna da littattafan membobi da na taron dattawa, haka ma zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa. A wannan zagayen ne ya dace a tuna wa iyali su karɓi takardar likita idan a asibiti aka rasu, su kuma yi rajistar mutuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin banki da masu fansho ba ɗan littafin jana'iza za su nema ba.

Shekarar haihuwa ita ce ke fara jefa marubuci cikin jarraba. Tsofaffi da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, iyali kuma suna son a ce ya kai ɗari. Maganin wannan shi ne a auna da abubuwan da kowa ya san shekararsu. A tambayi sa'o'insa: lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, ya fara noma nasa na kansa ko yana bin babansa? Ya yi aure kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ko bayansa? Da fam aka biya sadakin Mama ko da naira, wadda ta shigo a 1973? Wane ɗa ne ya shiga aji ɗaya da aka fara karatun firamare kyauta a 1976? 'Yan Katolika kan tuna wanda ya je Kaduna ganin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a Fabrairun 1982, kowa kuma yana tuna 1995, shekarar da Bajju suka sami masarautarsu, aka kuma kafa dayosis na Katolika a Kafanchan. Amsoshi uku ko huɗu irin waɗannan sun isa su matse shekarar cikin ɗan tsakani. Sai a rubuta "wajajen 1938", a bar shi haka. Kalmar "wajajen" ba ta rage wa kowa daraja, shekarar ƙarya kuwa tana ɓata lissafin duk wanda zai zo bincike daga baya.

Hira da mutane ita ce zuciyar aikin, a nan kuma ake yawan kuskure. Idan ka tsaya a tsakar gidan makoki ka ce wa tsohuwa, "Mama, yaya halin Baba yake?", amsa ɗaya za ka samu: mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, mun yi rashi. Gaskiya ta faɗa, amma ba abin da za ka rubuta. Ka bi ta gida da yamma, ka gaishe ta a tsanake, ka zauna a ƙasa da ita, ka nemi izini kafin ka kunna waya. Ka yi tambayar da za ta mai da ita ga rana guda da wuri guda. "Mama, yaushe kika fara ganinsa, a ina?" "Wane benci yake zama?" "Wane aiki yake yi a coci wanda ba wanda ya sa shi?" "Ya taɓa zuwa gidan nan a lokacin da ba ki zata ba?" Bayan tambaya irin ta ƙarshen nan sau da yawa shiru ke biyowa. Tsohuwar za ta dubi ƙasa, ta gyara ɗankwali, ta murza bakin zaninta. Kada ka cike shirun da wata tambaya, domin abin da ka zo nema yana hanya. Idan ta fara, ka bar ta ta yi da harshen da ya zo mata, Jju ko Hausa, ka rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, fassara ta biyo baya. Mutum shida zuwa takwas sun wadatar idan an zaɓe su da kyau: abokin ƙuruciya, wanda suka yi hidima tare a dattawa ko mawaƙa, maƙwabci, wanda marigayi ya koya wa karatu ko sana'a, da suruka, wadda takan ga abin da 'ya'yan ciki ba sa gani. Kada a tsaya a cikin ikilisiya kaɗai. Mai sayen cittarsa a kasuwar Kafanchan ko Zonkwa, da makiyayin da suka yi shekaru suna hulɗa, da maƙwabcinsa Musulmi da ya zo ta'aziyya, shaidarsu tana da nauyi na musamman, domin ba zumuntar coci ta sa su faɗa ba. Matar marigayi ko mijin marigayiya a bar su ƙarshe, a je da wanda suka saba da shi, a taƙaita, in kuka ya zo a rufe littafi.

Wajen rubutawa, doka ɗaya ta isa ta gyara rabin aikin: kowace kalmar yabo ta zo da shaidarta a hannu, in ba ta da ita a cire ta. Misali, maimakon a rubuta cewa Baba mai karimci ne, a rubuta cewa duk kakar citta yakan ware buhu guda ya sayar ya biya wa marayu biyu kuɗin makaranta, matarsa kaɗai ta sani. Maimakon a ce Mama mai addu'a ce, a ce ita ke buɗe majami'a da asuba da fitilarta, damina da rani. Mai sauraro da kansa zai furta kalmar yabon a zuciyarsa, kuma ta fi zama. Duk labari mai nauyi a nemi mutum na biyu ya tabbatar da shi, kamar yadda Maimaitawar Shari'a ta shimfiɗa game da shaidu. Tsarin ba ya bukatar wata gwaninta: asali da dangi, ƙuruciya, yadda ya ba da gaskiya da wanda ya yi masa baftisma, aure da 'ya'ya, sana'a, hidima a ikilisiya da gari, sannan kwanakin ƙarshe a taƙaice. A yi kwafi biyu, gajere na karantawa wanda ba zai wuce minti bakwai ba, da cikakke na ajiya. Harshen karantawa ya zama wanda mafi yawan masu makoki ke ji, a Madakiya kuwa Hausa ce da Jju. Turanci a ajiye shi a littafin saboda jikokin da suka tashi a birni. Abin takaici ne a karanta rayuwar mace da Turanci alhali ƙawayenta da suka yi shekara hamsin tare suna zaune a gaba ba su fahimci ko jimla ɗaya ba.

Za a ce, to, in gaskiya ake nema, ina za a kai aibin mamaci, alhali al'ada da ladabi sun hana tona shi? Tambaya ce mai nauyi, amsarta kuma tana da iyaka bayyananniya: an yarda a yi shiru, ba a yarda a yi ƙarya ba. Mutumin da kowa ya san zafin ransa kada a rubuta cewa bai taɓa ɗaga murya ba, domin jama'a za su ji, daga nan kuma su daina gaskata sauran abin da aka karanta, har da na gaskiyar. Abin da marigayi ya saba faɗa da bakinsa a shaida, kamar yadda ya bar shan burkutu ya dawo sujada, ana iya sa shi da yardar iyali, domin irin wannan labarin ne ke ba wani ƙarfin tuba. Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye faɗuwar Dawuda da musun Bitrus ba. Abin da ya shafi wani mai rai, ko horon ikilisiya, ko rikicin gona da ba a gama ba, a bar shi waje. Akwai wuri ɗaya da shiru kansa ke zama zalunci, wato jerin mata da 'ya'ya. Dattawa da dama sun yi mata fiye da ɗaya kafin baftisma ko bayanta, wasu kuma suna da ɗa a wani gida. Cire sunan ɗa daga littafin jana'izar ubansa rauni ne da ba ya warkewa da wuri, yakan kuma zama makami ranar rabon gado. Kafin a kai maɗaba'a a karanta jerin sunayen a kunnen kowane ɗaki, a gaban dattijon dangi. Game da sanadin mutuwa kuwa, a rubuta abin da likita ya ce ko a bar shi. Zargin maita ko sammu ba shi da gurbi a takardar ikilisiya ko da a kaikaice. Idan a hari aka kashe mutum, a faɗi rana da wuri a fili, domin wannan ma tarihi ne, amma kada a kama sunan wanda kotu ba ta kama ba.

Wasu masu bi kuma damuwarsu ta bangaskiya ce. Suna cewa ɗaukaka ta Allah ce, lissafin aikin bawa yana wurin Ubangijinsa, yawan ambaton matattu kuma yana iya buɗe ƙofar da kakanni suka rufe da wahala lokacin da suka rabu da dodo da sha'anin magabata. Bai kamata a yi wa wannan tsoron dariya ba, domin waɗanda suka fara tuba sun biya tsada a kansa. Sai dai tarihin da ake magana a kai masu rai yake yi wa magana. Ba ya roƙon marigayi komai, ba ya kai masa komai, ba ya kuma yanke hukuncin inda ya tafi. Bulus ya cika sura ta 16 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa da sunayen mutane maza da mata da aikin da wasunsu suka yi, sura ta 11 ta Ibraniyawa kuma jerin matattu ce da abin da suka aikata ta wurin bangaskiya. Ikilisiyoyi sun bambanta a kan addu'a domin matattu: Katolika suna miƙa Mas saboda su, suna kuma tunawa da dukansu ranar 2 ga Nuwamba, ECWA da Baftis kuwa godiya suke yi saboda rayuwar da aka yi, su yi wa iyali addu'a. Rubutaccen tarihi yana da mazauni a duka biyun. Abin da ya wajaba kawai shi ne a tambayi mai jagorar sujada inda za a sa shi, domin a tsarin Katolika wa'azin Mas ba wurin yabon marigayi ba ne, don haka daren waƙoƙi ko bayan Mas ya fi dacewa.

Ranar biso a ba mai murya a sarari ya karanta, wanda ya gwada karatun sau biyu tun daren da ya gabata, ya kuma san yadda ake furta sunayen Jju da ke ciki. Masu ba da shaida da baki kada su wuce uku ko huɗu, a zaɓe su tun kafin ranar daga cikin waɗanda aka yi hira da su, a gaya wa kowa labarin da ake so ya bayar. Manyan baƙi a gaishe su da girmamawa, amma lasifika ta fi cancanta ga wanda ya san marigayi.

Batun kuɗi ba ya kaucuwa. Ajiye gawa makonni ana jiran a haɗa biki, da ɗinkin anko, da manyan hotuna a bakin hanya, da littafi mai sheƙi wanda rabinsa saƙonnin ta'aziyyar ƙungiyoyi ne masu kama da juna, duk suna cin abin da gwauruwa da marayu za su rayu a kai. Masu kare wannan suna cewa mutunci ne, wanda ya yi wa jama'a hidima ba a sallamarsa a ɓoye, kuma baƙon da ya taso daga nesa ba a barinsa da yunwa. Rabin maganar gaskiya ne: ciyar da baƙo wajibi ne, taron jama'a kuma ta'aziyya ce ta ainihi ga iyali. Amma akwai layin da bai kamata a ƙetare ba. Kada a sayar da gona, kada a taɓa irin citta, kada a ci bashin da za a bar wa matar marigayi. Tun annobar da ta lalata citta a kudancin Kaduna a 2023 gidaje da yawa ba su gama farfaɗowa ba, ikilisiyar da ta san haka kuma ita ya kamata ta fara sauƙaƙa wa mutanenta. Shafi takwas na baƙi da fari sun isa: tsarin sujada, lambobin waƙoƙi, hoto ɗaya mai kyau, sauran duka tarihi. A cikin kayan jana'iza kaf, tarihin ne ya fi araha, domin jarinsa ƙafa ce da kunne.

Matasa za su ce ai an ɗauki bidiyo, an sa a Facebook, me ya rage? Naɗar murya da hoto abu ne mai amfani, musamman muryar tsofaffi da Jju, kada a goge ta. Amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana manta lambar sirri, bidiyon awa huɗu mai ƙarar janareto kuma ba mai zama ya nemi shekarar baftisma a cikinsa. A kwafe muryoyin a wuri biyu, a kuma juye muhimmansu a takarda. Cikakken tarihin a yi masa kwafi uku: ɗaya ga iyali a cikin leda a akwatin ƙarfe saboda gara da laimar damina, ɗaya a ofishin ikilisiya, ɗaya kuma a wajen gari, wurin ɗa ko 'ya a birni, ko a miƙa wa ofishin gunduma ko dayosis ko ɗakin karatu irin na makarantar tauhidi ta ECWA da ke Kagoro. Yankin da ya ga gobarar rikici a 1987 da 2011 ya san yadda takardun gida ke zama toka cikin dare ɗaya. A ƙarshen kowane kwafi a sa sunan waɗanda suka haɗa shi, da waɗanda aka yi hira da su, da kwanan wata.

Manyan mutane suna da hukumomin da ke tuna su. Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa ya rasu ranar 15 ga Disamba 2012, aka binne shi a Fadan Kagoma, babban asibitin Kafanchan kuma yana ɗauke da sunansa. Bishop Joseph Danlami Bagobiri, wanda ya fara riƙe dayosis na Kafanchan, ya rasu a Fabrairun 2018, tarihinsa kuma yana rubuce. Mai share majami'a da mai buga ƙararrawa da uwar zumunta ba su da kowa sai ikilisiyarsu. Shi ya sa sujadar cika shekara take da muhimmanci, kuma tarihin da aka haɗa shi ne zai ba ta abin yi. A lokacin hawaye sun tsagaita, mutane sun tuno abin da suka manta, sai a ƙara a cikin kwafin ajiya. Sannan dattawa su buɗe shi su bi ayyukan marigayi ɗaya ɗaya su tambaya: marayun da yake biya wa makaranta suna aji ko sun koma gida? Marasa lafiyar da take zagayawa ranar Laraba, wa ke zuwa wurinsu yanzu? An yi wa gwauruwa gayya a gonarta bana? Duk aikin da aka tarar ya faɗi a ɗora shi a hannun mutum mai suna, a gaban jama'a, a rubuta. Ba a iya yin wannan binciken da tarihin da bai ce komai ba sai "ya yi hidima da aminci". Dutsen kabari kuwa suna da shekaru da aya guda sun ishe shi.

Saura abu ɗaya, kuma ga sakatarorin ikilisiya da shugabannin matasa na Madakiya da kewaye nake miƙa shi. Duk hanyar nan ta fi sauƙi, ta kuma fi inganci, idan mai tarihin yana da rai zai gyara maka shekara ya ƙara maka suna. Ranar Lahadi mai zuwa, bayan an tashi sujada, ku dubi bencin da tsofaffi ke zama, ku je wurin wadda ta fi kowa shekaru, ku durƙusa ku gaishe ta, ku ce, "Kaka, muna so mu zo gida cikin makon nan ki ba mu labarin yadda aka gina majami'ar nan." Ku tafi da littafi da biro biyu.